Dutsen da Na Nemo wa Suna a Herwagana

A shekarar da gwamnati ta yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan da ya cika Gombe da babura, ni kabad na saya. Wani kafinta a Bolari ya yi mini shi da katako mai nauyi, durowa goma sha biyu, kowace an yanka ta gida-gida kamar gurbin dara. Aka ɗora a amalanke aka kai ɗakin ajiya na makarantar sakandaren da nake koyar da labarin ƙasa. Abokan aikina sukan wuce ni a kan sababbin baburansu suna danna mini hon, ni kuwa ina tafe a ƙasa, aljihun rigata ya rinjaya gefe guda saboda tsakuwa. Ban ji kunya ba ko sau ɗaya. Ina da shekara ashirin da tara, kuma na yi imani kowane abu a duniya yana da sunansa na gaskiya, aikin mai ilimi kawai ya nemo shi ya manna.

Tsarina ba shi da wuya. Kowane dutse zan ɗiga masa farin fenti, in ya bushe in rubuta lamba a kai da tawada, sannan in cika kati: suna, iri, inda aka samo. Cikin iri ukun da littafi ya raba duwatsu, na fi son na wuta, wato waɗanda suka taɓa zama narkakku a cikin ƙasa kafin su daskare. Nakan gaya wa ɗalibai cewa dutsen wuta ba ya iya ɓoye tarihinsa. In ya huce a hankali can ƙarƙashin ƙasa, ƙwayoyinsa za su fito manya-manya kamar tsaki. In kuwa an watso shi sama ya huce da gaggawa, sai ya yi laushi kamar garin da aka tankaɗe, ido ba ya rabe komai a jikinsa.

Yadda ake sa musu suna shi ya fi ba ni nishaɗi. Galibi masana sukan ɗauki sunan garin da aka fara ganin dutsen su liƙa masa wutsiya, kamar yadda mu muke cewa Bakano ko Bakatsine. Akwai wanda aka sa wa sunan wani tsohon gari a Masar, daga baya aka gano dutsen da ke garin ba shi ba ne, wani iri ne dabam, amma sunan ya riga ya zauna, ba wanda ya iya tashinsa. Akwai kuma wani koren dutse mai duhu, mai wuyar samu a duniya, da wani masani ɗan ƙasar nan ya bincika a kewayen Bauchi ya kira shi baucayit. Wannan nakan rubuta shi a allo da manyan baƙaƙe, in juyo in dubi aji. Ba na faɗa musu, amma a raina ina tambayar me zai hana Gombe ta sami nata.

A Herwagana nake haya, ɗaki biyu a gidan wata dattijuwa da kowa ke kira Mama. Mijinta ma'aikacin reluwe ne, ya rasu tun kafin in zo. Mutanen kudancin Gombe ne, daga wani ƙauye cikin duwatsun bayan Kaltungo, kuma Mama ba ta fashin coci ko ana ruwan sama. Tana zaune da 'yarta, wadda ke aikin nas, mace mai saurin tafiya da saurin magana, da ta ɗauke ni tun ranar farko a matsayin mutumin kirki wanda karatu ya ɗan taɓa. Ni kaɗai ne Musulmi a gidan. In na nutse a duba takardun yara, Mama ce ke ƙwanƙwasa mini taga ta ce, "Malam, an kira la'asar, Allah bai ce ka gama maki tukuna ba."

A tsakar gidan, kusa da bangon yamma, akwai wani dutse. Falale ne, tsawonsa bai fi kamu ɗaya da rabi ba, kaurinsa kamar tafin hannu, an ɗora shi a kan ƙananan duwatsu uku kamar tukunya a murhu. Launinsa toka-toka mai ratsin kore, irin na bayan ƙadangare, kuma ba a ganin ƙwaya ko ɗaya a jikinsa. Ba a zama a kansa, ba a kife masa kwano, ba a wasa wuƙa da shi. Mama takan share kewayensa kowace safiya kafin ta share ƙofar ɗakinta. Kajin gidan ma kewaye shi suke yi. Na san kaza ba ta da aƙida, don haka na rubuta a raina cewa zafinsa suke gudu.

Wata Asabar, bayan azahar, unguwa ta yi tsit irin na tsakar ranar Gombe, lokacin da zafi ke sauka cikin kwarin garin ya zauna. Ina ƙofar ɗakina a kan tabarma. Inuwar bango tana rarrafowa, ta taɓa gefen dutsen, ta hau kansa. Sai na ji ƙara, 'yar siririya, tin, kamar an taɓa kofin gilashi da cokali a wani ɗaki mai nisa. Ba kowa kusa da shi. Daga cikin madafa, ba tare da ta leƙo ba, Mama ta ce, "Na ji."

Na zauna da alƙalami a hannu ina kallon dutsen. Bayan ɗan lokaci ilimi ya dawo mini: dutse ya sha rana ya buɗe, inuwa ta sanyaya shi ya tsuke, ya goga jikin abin da yake kai. Wannan kowane ɗan aji uku ya sani. Abin da ban sani ba shi ne wane irin dutse ne ke da murya haka.

"Mama," na ce da ta fito, "mene ne sunan dutsen nan?"

Ta tsaya da ludayi a hannu, ta dube ni har na fara tunanin ko na faɗi wata kalmar da ba ta dace ba.

"Ba a kira shi ba tukuna," ta ce.

"Ai ba komai. Ni zan nemo miki."

"Kai dai, Malam, in nema kake ji, nemo mana kananzir. Kwana uku ke nan babu a gari, ga shi an ce mu ke da man."

Ta koma madafa. Na ɗauka tana nufin ba ta san sunan ba ne, kamar yadda yawancin mutane ba su san sunan abin da suke takawa ba. Ga abin da take nufi, wanda ban sani ba sai da lokaci ya ƙure. Mama tana da ɗa namiji, ɗan fari. Ya shiga soja lokacin yaƙin basasa, wasiƙunsa suka yi ta zuwa, sannan suka daina. An gama yaƙi, waɗanda za su dawo suka dawo. Shi bai dawo ba, gawarsa ba ta zo ba, takarda ma ba ta zo ba. A zuriyar su Mama, wanda ya mutu a nesa ba a ga gawarsa ba, sai a hau dutsen garinsu a ɗauko falale, uwa ko babbar 'yar'uwa ta kira sunansa a kai, daga nan dutsen ya zama shi, a binne shi a yi kuka a tashi. Dangi sun ɗauko wa Mama falalen sun kawo mata har Gombe. Ta karɓa, ta yi godiya, ta ajiye shi jikin bango, ta ƙi kira. Muddin dutsen ba shi da suna, ɗanta yana wani wuri da ransa. Shekara biyar ke nan tana riƙe da shi a haka, ba fasto ba, ba dangi ba, ba wanda ya iya sa ta buɗe baki.

Ni kuwa na kwana uku ina buɗe littattafai. Zatona biyu ne. Ko dai wani dutse ne sananne da na karanta labarinsa ban taɓa riƙewa ba, ko kuma, kuma wannan ne ke hana ni cin abinci da kyau, wani sabon abu ne da ba a taɓa rubutawa ba. Ina da aboki da muka yi makaranta tare, yana aiki a sashen nazarin duwatsu na jami'a. Abin da yake bukata ɗan guntu ne kawai.

Na jira ranar Lahadi da hantsi, Mama da 'yarta suna coci, gidan ba kowa sai ni da kaji. Na ɗauko guduma da kurfi. Na gaya wa kaina cewa ba sata ba ce, tunda dutse ba ya raguwa don an ɗebi abin da bai kai ɓarin goro ba, kuma sakamakon zai faranta wa tsohuwa rai. Na zaɓi kusurwar da ke fuskantar bango. Daga cocin da ke bayan layinmu ana jin waƙa, na ce in ta yi ƙarfi sai in buga. Na ɗaga guduma, na sauke, a daidai lokacin kuma waƙar ta ƙare.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan daga abin da ba ƙarfe ba. Ta tashi ta cika tsakar gida, ta fita ta bisa katanga, kuma ta ƙi mutuwa. Na ɗora tafin hannuna a kan dutsen don in kashe ta, na ji tana tafiya a ƙashin hannuna har gwiwa. Kajin suka tsaya cak, kowace da ƙafa ɗaya a sama. Na tsinci guntun a ƙasa, na share ɓurɓushin da gefen rigata, na ɗan tura dutsen ya ƙara matsawa jikin bango. Ban sha wuyar tura shi ba, da hannu ɗaya ma na yi. Washegari na ɗiga wa guntun fenti, na ba shi lamba, na naɗe a auduga na kai gidan waya.

Daga ranar dutsen bai sake yin ƙararsa ta bayan azahar ba. Na san dalili: na gusar da shi daga inda yake zaune, wataƙila kuma tsaga ta shiga cikinsa. Kwana biyu Mama ta ci gaba da shararta kamar kullum. A na uku na dawo daga makaranta na tarar ta fito da kujerar tsugunne ta zauna gabansa, hannuwanta a cinya, tana kallon inuwa tana hawa kansa. Inuwar ta rufe shi duka. Mama ta ƙara jira.

"Yau ma shiru," ta ce. Ba da ni take ba.

Haka ta yi ta yi kowace rana. Na shiga wucewa ta gefenta da sallama a ƙasan maƙoshi. Na yi niyyar faɗa mata, amma na ga gara in haɗa da albishir, laifi da kyauta a faifai ɗaya.

Amsa ta zo bayan mako shida, a cikin doguwar ambulan mai ruwan ƙasa da hatimin hukuma a goshinta. Ban tsaya tunanin wace irin ambulan ce iyayen sojoji suka yi shekaru suna tsoro ba. Na karanta a ofis, ban ji daɗi sosai ba don ba sabon dutse ba ne, amma suna suna ne. Na taho gida da sauri, na shiga ina ɗaga takardar sama. Mama na zaune a inda ta saba, tana tsince wake a faifai.

"Mama, albishirinki. Sunan ya zo."

Hannunta ya tsaya a cikin waken. Idonta na kan ambulan, ba a kaina ba.

"Wa ya aiko?"

"Waɗanda suka sani. Sun duba da kyau, sun tabbatar, ga shi a rubuce da sa hannu."

"Sun tabbatar."

"Babu shakka ko kaɗan."

Ta ajiye faifan a ƙasa a hankali, ta gyara shi don kada ya karkace. Ta goge hannuwanta a zane.

"A ina suka same shi?" ta ce.

"Ai ni na aika musu."

Ban san abin da fuskata ke nunawa ba, amma na tuna murmushi nake yi. A nan 'yarta ta shigo daga aiki, da farar rigarta da jaka a kafaɗa. Ta dubi uwarta, ta dubi ambulan, ta fizge ta daga hannuna ba sallama. Ta karanta a tsaye, leɓɓanta na motsi. Sannan ta durƙusa ta yi wa Mama magana da harshensu, da sauri, tana girgiza kai tana nuna dutsen. Ta miƙe ta kama hannun rigata ta ja ni zaure, abin da ba ta taɓa yi ba.

A zauren ta gaya mini duk abin da na rubuta a sama, cikin jimloli kaɗan, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ban sani ba," na ce.

"Ka tambaya?"

"Na tambaye ta sunansa."

"Ta ce maka me?"

Na maimaita mata.

"To, Malam mai Hausa. Ba a kira shi ba. Ta ce maka ba ta sani ba ne? Kai da kake jan jan biro a takardun 'ya'yan mutane saboda wasali ɗaya." Ta jingina da bango ta rufe ido. "Ni na daɗe da sanin yayana ya mutu. Ina wanke gawa a wurin aiki, na san yadda shekara biyar take. Amma ba kai ne za ka shigo mata da shi a ambulan ba."

"Bari in je in ba ta haƙuri, in yi mata bayani. Sunan iri ne, ba na mutum ba."

"Na gaya mata. Ta gane, ba yarinya ba ce. Yanzu ba sunan ne ya dame ta ba. Me ka aika musu?"

Da muka koma, Mama ta riga ta jawo dutsen daga jikin bango, yatsanta na cikin gurbin da na fasa, inda jikinsa ya fito sabo, ya fi sauran duhu. Na durƙusa na faɗi duk abin da ake faɗi. Ta bar ni na gama.

"Malam, ba na fushi da kai," ta ce. "Yaron nan ya fita gidan nan da yatsunsa goma. Ka dawo mini da abin da ka cire."

Ranar Juma'a na nemi izini a makaranta na shiga mota. Abokina ya tarbe ni da dariya tun daga bakin ƙofar ɗakin bincikensu.

"Mutumin Gombe. Ka zo karɓar lambar yabo? Wallahi da na ga wasiƙarka na san abin da kake so. Gombayit, ko ba haka ba? Ko sunanka za a sa?"

Ya zaunar da ni ya yi mini karatun da ni ma na iya. Sunan dutsen fonolayit, daga kalmomin Girkanci biyu, murya da dutse. Yana cikin 'yan kaɗan da ba a sa wa sunan gari ba, aka sa musu sunan halinsu. Narkakken dutse ne da ya taso a maƙogwaron dutse mai aman wuta ya daskare a nan, ruwa da iska suka cinye gangar jikin suka bar maƙogwaron a tsaye. Dogayen duwatsun nan masu tsini da ake hangowa a hanyar Kaltungo, in ji shi, da yawansu haka suka samu. Ba a cika samunsa ba, amma an san shi tun kafin a haifi kakanninmu.

"Guntun nake so," na ce.

"Wane guntu?"

"Wanda na aiko."

Ya dube ni kamar na ce ya dawo mini da ragon da aka ci a suna. Ya buɗe wani akwati ya zaro ɗan gilashi, tsawon yatsa. Don a gane dutse mai laushin jiki irin wannan, sai an yanka shi, a manna a gilashi, a yi ta niƙa shi da ruwa har ya fi ɓawon albasa sirantaka, haske ya riƙa ratsa shi. Abin da ya rage daga yankan kuma sun daka shi don gwaji. A tsakiyar gilashin akwai wani ɗan tabo mai ruwan toka, kamar inda aka taɓa da yatsa mai maiƙo. A gefe an karce lamba.

"Zo ka gani, kada tafiyarka ta zama banza."

Ya sa shi a na'urar da ke ƙara girman abu, na sa ido. Na zaci zan ga toka. Sai na ga ɗaruruwan 'yan sanduna farare, sirara, duk sun fuskanci gefe guda, suna kewaye wasu manya kamar ruwa na kewaye kututture. Abokina ya ce alamar kwarara ce, yadda suke tafiya ke nan lokacin da sanyi ya kama su. Ni abin da na gani taron mutane ne suna gudu wuri ɗaya, aka tsayar da su a tsakiyar taku. Na ɗago kai. Na roƙe shi gilashin, ya ce ƙa'ida ba ta yarda ba, na ba shi labarin, ya naɗe mini shi a auduga ya sa a gwangwanin taba.

Na iso Gombe ranar Lahadi da la'asar sakaliya. Mama na gaban dutsen, 'yarta na wanki a bakin rijiya. Na durƙusa na buɗe gwangwanin na miƙa mata. Ta ɗauki gilashin da yatsu biyu, ta juya shi, ta ɗaga shi sama wajen rana. Hasken ya ratsa tabon ya sauka a kumatunta.

"Wannan ne?"

"Shi ne ya rage, Mama."

"Sauran fa?"

"Sun niƙa shi. Ruwa ya tafi da shi."

"Ina ruwan ya kai shi?"

"Ban sani ba."

Ta gyaɗa kai kamar amsar da take jira ke nan. Ta kai gilashin kusa da ido ta dubi lambar da aka karce.

"Su ma lamba suka ba shi," ta ce. Sannan: "Me sunan nasu yake nufi?"

"Dutse mai murya."

"Wannan ai ba suna ba ne. Kowa na da murya."

Ta sunkuya ta gwada gilashin a gurbin da na fasa, ta wannan gefe, ta wancan. Ya zame ya faɗi a ƙasa bai fashe ba. Ta ɗauka ta sake gwadawa. A karo na uku ta bar shi a kwance a kan dutsen, ta zauna tana kallon su biyun. 'Yarta ta daina wanki, kumfa na ɗiga daga hannunta.

"Rufe ƙofar gida," Mama ta ce mata.

Na miƙe zan shige ɗakina.

"A'a, Malam. Kai ka fara. Tsaya ka ji ƙarshensa."

Na tsaya inda nake. Ta sauko daga kujerar ta durƙusa, gwiwoyinta suna ƙara, ta dafa dutsen da hannu biyu. Na zaci za ta yi waƙa ko addu'a ko wani abu da harshensu. Ba ta yi ba. Ta kira sunan ne kawai, da muryar da ake kiran yaro ya bar wasa ya zo ya ci abinci. Ta saurara. Ta sake kira, da ɗan ƙarfi, da 'yar gajiya irin ta uwar da ta san ana jin ta. Ta saurara. A layi wani ya wuce da babur, ƙararsa ta yi nisa ta ɓace. Ta kira na uku a hankali, bakinta kusa da dutsen.

Mu uku muka jira, kuma har yau ban san me nake jira ba. Ba abin da ya amsa. Mama ta cire ɗankwalinta ta shimfiɗa a kansa, ta soke gefe-gefen a ƙarƙashi. Sai a lokacin 'yarta ta fashe da kuka, ta zauna a jiƙaƙƙiyar ƙasar bakin rijiya da hannu a ka.

Na ji sunan sau uku, kuma shi ne suna ɗaya da na sani wanda ban taɓa rubutawa a ko'ina ba. Na yi shekara talatin bayan haka ina gaya wa yara cewa suna ba ya canza komai a jikin dutse, yarjejeniya ce kawai tsakanin masana. Gaskiya ne, kuma yana fitowa a jarrabawa. Amma ban san ko mai sunan yana da rai a wani gari da safiyar ranar nan ba, ban kuma san yadda ya kwana ba.

Kwana biyu bayan haka suka tafi da shi ƙauye. Maza huɗu daga cocinsu suka zo ɗauka. Na ce musu biyu ma sun isa, ba shi da nauyi. Suka kama kusurwa huɗu, suka ɗaga, na ga jijiyoyin wuyansu sun fito, sau biyu suna ajiyewa kafin su kai bakin titi. Na bi su a baya har tashar Bolari, ba wanda ya ce in zo, ba wanda ya ce in koma.

A tasha direban bas ɗin ya dubi abin da ke lulluɓe, ya nuna saman mota inda ake ɗaure buhuna.

"Ba a sama ba," Mama ta ce. "A ciki."

"Haba Mama, dutse ne fa. Zai fasa mini kujera."

"Kusa da taga. Ba ya son tsakiya, amai yake yi."

Direban ya dubi 'yarta, ya dubi mazan huɗu. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya buɗe musu ƙofa da kansa. Aka jingina shi a kujerar taga, Mama ta zauna a gefensa, 'yarta a gefenta. Wani mai buhun albasa ya leƙo ya tambaya ko akwai wuri. Direban ya bi kujerun da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, har ta tagar.

"Mun cika," ya ce, ya tada mota.